Yadda ake gane ciwon Marfan a gida, da hanyar neman taimako a kansa

A watan Janairun 1986, 'yar wasan ƙwallon raga ta Amurka, Flo Hyman, tana buga wasa a Japan. An canja ta, ta zauna a benci, jim kaɗan ta sulale ƙasa, ashe tafiyar ke nan. Shekararta 31, doguwa ce mai mita 1.96, kuma tana cikin waɗanda suka ci wa ƙasarta lambar azurfa a gasar Olamfik ta 1984. Sai da aka binciki gawarta aka gano cewa babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciyarta ce ta yage, sanadin wani ciwon gado da ba ta taɓa sanin tana da shi ba. Sunansa Marfan, sunan likitan yara ɗan Faransa, Antoine Marfan, wanda ya fara bayyana shi a 1896.

Halin ciwon ke nan: a ƙashi da ido yake nuna kansa, amma a jijiyar zuciya yake ɓarna, ita kuwa jijiyar ba ta ciwo sa'ad da take buɗewa. Ana ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 5,000 yana da shi, maza da mata, baƙi da fari. A da, binciken da aka wallafa a 1972 ya nuna matsakaicin shekarun da masu shi ke rasuwa bai wuce 32 ba. Yanzu wanda aka gano nasa da wuri, yana shan magani, ana auna shi, yakan haura 70. Ga yadda ake bi.

Mataki na 1: Ka fahimci abin da ya samu matsala

Magini yakan cuɗa ramno a cikin ƙasar gini don katanga ta riƙe kanta, kada ta tsattsage. Jikin mutum ma yana da irin waɗannan zaruruwa masu ɗaure komai: suna cikin fata, da gaɓoɓi, da bangon jijiyoyin jini, da huhu, har da 'yan siraran zaren da ke rataye da madubin cikin ido. Ɗaya daga cikin sinadaran da ake saƙa su da shi ana ce masa fibirilin. Ƙwayar gado mai suna FBN1 ce ke ba da umarnin yin sa, kuma a 1991 aka tabbatar cewa kuskure a cikinta ne ke kawo Marfan. Shi ya sa ciwo ɗaya yake taɓa sassan da a ido ba su da alaƙa da juna.

Yadda ake gadonsa ya bambanta da na sikila, kuma a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Sikila sai uwa da uba sun haɗu a kan ƙwayar. Marfan kuwa ɗaya daga cikinsu ya isa. Idan uba ne ke da shi, ko uwa, kowane ciki rabi da rabi ne: ko a haifi mai shi, ko marar shi. Ba wai a cikin 'ya'ya huɗu dole biyu su ɗauka ba. Kowace haihuwa lissafinta daban. Kusan mutum 1 cikin 4 kuma ba su gada daga kowa ba, a kansu kuskuren ya fara. Don haka ba laifin auren zumunci ba ne, ba abin da uwa ta ci da ciki ba ne, ba jifa ba ne. Gwajin jinin nan na AA da AS da ake yi kafin ɗaurin aure ma ba ya nuna shi ko kaɗan.

Mataki na 2: Ka duba alamomin da ido ke gani

Tsawo da siranta kaɗai ba hujja ba ce. Akwai gidaje da yawa, musamman cikin Fulani, da kowa dogo ne siriri, kuma lafiyarsu ƙalau. Abin lura shi ne mutum ya fi 'yan gidansu tsawo ta yadda ba a saba ba, hannaye da ƙafafu da yatsu su yi zaƙo-zaƙo fiye da gangar jiki, sannan wasu alamomin su biyo baya.

Akwai gwaji uku da za ka iya yi a tsakar gida. Na farko, ka jingina da bango, ka ware hannayenka dama da hagu iyakar warewa, wani ya sa alama da alli a ƙarshen dogon yatsan kowane hannu, a auna tsakani da tef ɗin tela. A yawancin mutane wannan awon yana kusa da tsawonsu. Idan ya zarce tsawon da sama da kashi 5 cikin 100, wato mai santimita 180 a samu faɗin hannayensa ya haura 189, a rubuta. Na biyu, ka kama wuyan hannunka na hagu da babban yatsa da ƙaramin yatsan dama. Idan babban yatsan ya zagayo har ya rufe farcen ƙaramin gaba ɗaya, alama ce. Na uku, ka kwantar da babban yatsa a tafin hannu, ka dunƙule sauran huɗun a kansa. Idan gaɓar ƙarshe ta babban yatsan ta leƙo waje ta gefen ƙaramin yatsa, ita ma alama ce.

Sannan a cire riga a dubi ƙirji: ya lotsa ciki, ko ya turo waje? A sa yaro ya sunkuya kamar mai ruku'u, a tsaya a bayansa a duba ko gefe ɗaya na haƙarƙari ya fi ɗaya tudu, domin haka karkatar ƙashin baya ke fara nunawa. Sauran alamomin sun haɗa da tafin ƙafa shimfiɗaɗɗe, ganɗa mai zurfi da haƙora masu cunkushewa, gaɓoɓi masu laushi da yawan targaɗe, ƙaba mai dawowa bayan an yi aiki, da nankarwa a kafaɗa ko gadon baya ga wanda bai yi ƙiba ba, bai yi ciki ba.

Ido kuwa na fi so a ba shi muhimmanci, don shi ne yakan fara tona asirin ciwon. Yaron da ke manna littafi a hanci, ba ya ganin allo daga benci na biyu, ana ta canja masa gilashi ƙarfin yana hauhawa, a kai shi a duba cikin idon da kyau. Fiye da rabin masu Marfan madubin idonsu yakan goce daga mazauninsa.

Duk wannan shiri ne na zuwa asibiti, ba hukunci ba. Wani yana da ciwon amma alamominsa kaɗan ne, wani yana da alama biyu ko uku kuma ba shi da shi. A yara ma alamomin sukan ƙara fitowa ne da girma.

Mataki na 3: Ka zauna da dattawan gida

Kafin ka ga likita, ka samu kaka ko gwaggo ko kawu, waɗanda suka san tarihin gida, ka tambaye su cikin ladabi. Wa ya rasu fuju'a yana da ƙuruciya? Akwai wanda ya faɗi a gona ko a filin ƙwallo bai tashi ba? Akwai macen da ta rasu dab da haihuwa ko cikin jego bayan ta yi kukan ƙirji ko baya? Su waye dogaye, su waye masu raunin gani tun suna yara? Sau da yawa za a ce maka ai wane iska ce ta buge shi, ko sammu aka yi masa. Kada ka yi gardama, ba ita ta kawo ka ba. Ka dai rubuta shekarunsa, da yadda abin ya faru, da ɓangaren da yake, na uwa ko na uba. Takarda ɗaya mai irin wannan bayani tana iya sauya yadda likita zai ɗauki maganarka, domin a ƙa'idojin da likitoci ke bi, waɗanda aka tsara a birnin Ghent na Beljiyam aka kuma sabunta a 2010, tabbacin cewa wani na jini yana da ciwon yana rage yawan hujjojin da ake nema.

Mataki na 4: Ka nemi gwaje-gwajen da suka dace

Ƙaramin asibitin unguwa ba zai iya tabbatar da Marfan ba. Abin da za ka nema a can shi ne takardar turawa zuwa babban asibiti. A Arewa akwai asibitocin koyarwa: na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na Maiduguri, na Jos. Ga ido akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga ƙashi akwai asibitin Dala a Kano. A Nijar, manyan asibitocin ƙasa na Yamai da Damagaram ne wurin farawa.

Ka faɗi sunan ciwon da bakinka. Ka ce, "Likita, ina zargin Marfan, ga dalilaina." Ciwo ne da ba kullum ake gani ba, kuma likitan da ke da layin mutum hamsin a waje ba lalle tunaninsa ya kai can ba sai an tuna masa.

Gwaji mafi muhimmanci shi ne eko, wato hoton zuciya da na'ura irin wadda ake duba ciki da ita. Ba allura, ba zafi, kuma ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Kada a haɗa shi da gwajin da ake manna wayoyi a ƙirji takarda ta fito da zane mai hawa da sauka. Wancan bugun zuciya yake nunawa, ba ya auna faɗin jijiya. Ka roƙi mai yin ekon ya auna tushen babbar jijiyar, wadda likitoci ke kira ayota, ya rubuta adadin da santimita. A babban mutum mai lafiya yawanci ba ta kai santimita 4 ba, amma ana kwatanta awon da shekaru da girman jiki, musamman a yara. Ekon zai kuma nuna ko ƙofofin zuciya suna yoyo.

Na biyu, likitan ido, ba mai sayar da gilashi ba. Sai an ɗiga maganin da ke buɗe ƙwayar ido an haska da na'ura kafin a ga gocewar madubi. Bayan ɗigawar gani yakan yi dishi-dishi na wasu sa'o'i, don haka kada ka je a kan babur kai kaɗai.

Idan aka samu jijiya ta buɗe kuma madubin ido ya goce, wannan ya isa a ce Marfan ne ko da ba a san kowa da shi a gida ba. Gwajin ƙwayar gado yana taimakawa, amma yana da tsada, galibi sai an aika jini ƙasar waje, kuma rashinsa ba ya hana a fara kula da kai. Amfaninsa ya fi fitowa inda ake kokwanto, saboda akwai cututtukan da ke kama da Marfan: Loeys-Dietz, wanda aka bayyana a 2005 kuma jijiya ke iya yagewa tun ba ta buɗe sosai ba, nau'o'in Ehlers-Danlos, masu sa fata ta yi ta miƙewa gaɓoɓi su yi ta gocewa, da homosistinuriya, wadda ita kam sai iyaye biyu sun haɗu a kanta, kuma gwajin jini ke gano ta.

Da zarar an tabbatar, iyaye da 'yan uwa na ciki ɗaya da 'ya'ya duk sai a yi musu eko da duban ido, har da gajerun cikinsu.

Mataki na 5: Magani, da awon da ba a tsallakewa

Ba a warkar da Marfan, amma ana rage gudun buɗewar jijiya. Likitoci sukan ba da maganin da ke sassauta ƙarfin bugun zuciya, irin su atenolol ko propranolol, ko kuma losartan, wani lokaci a haɗa. Magungunan hawan jini ne, suna nan a kasuwa, ba su da tsada sosai. Ana ba ka su ko da jininka bai hau ba, don haka kada wani ya auna ka a kemis ya ce jininka daidai yake, ka daina. Daina atenolol kwatsam yana da haɗari. Mai asma ya gaya wa likita tun farko. Lokacin azumi kuma ba a ajiye magani. A tambayi likita ko a mayar da shi sahur ko bayan buɗa-baki.

Bayan ekon farko akan maimaita bayan wata 6 don a ga saurin ƙaruwar, daga nan sau ɗaya a shekara, ko fiye idan faɗin ya yi yawa. Ka sayi fayil guda ka riƙa tara sakamakon, ka ɗauki hoton kowanne a waya. A shafin farko ka ja layi biyu, kwanan wata da santimita. Kati yakan ɓace, likitoci sukan canja, wannan jerin lambobin shi ne tarihinka.

Idan faɗin ya kai kusan santimita 5, akan ba da shawarar tiyata tun kafin jijiyar ta yage. Idan akwai wanda tasa ta yage a gida, ko tana buɗewa da sauri, akan yi tun a 4.5. Ana cire wurin da ya buɗe a sa na roba. A aikin da likitan Ingila Hugh Bentall ya fara bayyanawa a 1968, ana canjawa har da ƙofar zuciya, kuma idan ta ƙarfe aka sa, mutum zai sha maganin tsinka jini warfarin har iyakar rayuwarsa, da gwajin jini a kai a kai. Akwai kuma aikin da ake barin ƙofar mutum ta asali, wanda aka fi sani da sunan likita Tirone David na Kanada. Wannan zaɓi ba ƙarami ba ne ga wanda ke zaune nesa da ɗakin gwaji, ko macen da ke son haihuwa, saboda haka a yi tambaya sosai. Tiyatar da aka shirya a natse ta fi ta gaggawa nasara nesa ba kusa ba.

Mataki na 6: Abin da za a rage da abin da za a bari

Duk aikin da ke sa mutum ya riƙe numfashi ya yi nishi, jini yakan hau nan take ya daki bangon jijiya. Saɓa buhun masara, dako, tura motar da ta mace, faskare, jan babban guga daga rijiya mai zurfi, ɗaga ƙarfe don gina ƙirji, duk suna ciki. Dambe da kokawa da ƙwallon gasa su ma a haƙura da su, don duka a ƙirji ko a ido. Wannan yana da ciwo ga saurayi dogo wanda kowa ke cewa an halicce shi don ƙwallon kwando. Isaiah Austin na Jami'ar Baylor a Amurka ya ji irin wannan labari a 2014, 'yan kwanaki kafin zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. Amma zama wuri ɗaya ma ba a so. Tafiya a ƙafa, keke a hankali, ninƙaya marar gasa, duk suna da kyau. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan kana iya hira kana yi, ba ka wuce gona da iri ba.

Sai batun kemis. Ciprofloxacin, wanda ake miƙa wa kowa da zarar an ce taifot, da danginsa irin su levofloxacin da ofloxacin, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a Disambar 2018 cewa suna ƙara haɗarin yagewar babbar jijiya, kuma ta ambaci masu Marfan cikin waɗanda ya kamata a kauce wa ba su, sai in babu makawa. Ka rubuta wannan a fayil ɗinka. Magungunan mura masu buɗe hanci da ke ɗauke da pseudoephedrine su ma a tambaya kafin a sha. Sigari da shisha kuwa a bar su, huhun mai Marfan yana iya hujewa ko ba su. Kada a bar mai aikin ido na gargajiya ya taɓa idon, kada kuma a kai karkataccen baya wurin maɗori ya danna.

Mataki na 7: Kowa a gida ya san alamun gaggawa

Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya a ƙirji, ko tsakanin kafaɗu, ko ciki, kamar ana yaga wani abu, wani lokaci da zufa ko suma ko mutuwar ɓarin jiki: wannan ba olsa ba ce har sai an tabbatar. Ba a jiƙa kanwa, ba a jira gari ya waye. A tafi babban asibiti mafi kusa, a ce, "Yana da Marfan, muna tsoron jijiyar zuciya ta yage, a yi masa hoton cikin ƙirji na siti sikan." Numfashi ya sarƙe kwatsam da suka a gefe ɗaya na ƙirji, yana iya zama huhu ne ya huje. Walƙiya a ido, ko ɗige-ɗige baƙaƙe masu yawa, ko duhu ya rufo gani daga gefe, tantanin bayan ido ne ke ɓallewa, kuma a ranar ake son ganin likita. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu a san asibitin da za a nufa, da mai motar da za a kira da tsakar dare, a kuma sa 'yar takarda a aljihu mai sunan ciwon da magunguna da awon ƙarshe.

Mataki na 8: Aure da ciki

A ganina ɓoye wa wanda za a aura zalunci ne, kuma asirin ba ya rufuwa. A faɗa tun ana neman aure, a je wurin likita tare in ya yiwu. Masu Marfan suna aure, suna haihuwa.

Ke kuma 'yar uwa, ki yi eko kafin ki ɗauki ciki, ba bayan ya shiga ba. Ciki yana ƙara yawan jinin da zuciya ke turawa, kuma haɗarin ya fi yawa a watannin ƙarshe da makonnin farko na jego. Idan faɗin jijiyar bai kai santimita 4 ba, haɗarin ya fi sauƙi, ko da yake bai gushe ba. Idan ya haura 4.5, likitoci sukan ce a yi aiki tukuna. Losartan yana cutar da ɗan tayi, dole likita ya canja shi tun ana shirin ciki, warfarin ma sai an sake tsari. Awo a babban asibiti, da likitan mata da na zuciya, ana maimaita eko har bayan haihuwa. Haihuwar gida a hannun ungozoma ba taki ba ce, ko da uwar miji ta ce duk gidan haka aka haife su. A nan maigida ne ya kamata ya tsaya ya yi bayani.

Mataki na 9: Inda taimako yake

Kuɗi ne babban tarnaƙi. Ka yi rajistar inshorar lafiya tun kana ƙalau, ta hukumar NHIA ta tarayya ko ta jiharku, ka tambaya a rubuce ko tana biyan kuɗin eko da magani, don babbar tiyatar zuciya ba kasafai take shiga ciki ba. Manyan asibitoci suna da sashen jin daɗin jama'a mai duba marasa ƙarfi, kuma wasu jihohi suna da hukumar zakka da waƙafi. Duk inda za ka, ka riƙe rahoton likita mai hatimi da ƙiyasin kuɗi. Tiyatar buɗe zuciya ana yin ta a cibiyoyi ƙalilan a Najeriya, wasu kuma sukan tafi Indiya ko Masar. Ka bar likitan zuciyarka ya haɗa ka da asibitin kai tsaye. Dillalan da ke neman a tura kuɗi asusunsu kafin ka ga takarda daga asibiti, ka yi nesa da su. Tunda awon shekara-shekara yana nuna inda aka dosa, dangi suna iya fara tara gudummawa tun jijiyar tana 4.2, ba sai ta kai 5 ba.

A makaranta, uba ko uwa su je da kansu wurin shugaban makaranta da takardar likita: a zaunar da yaron a gaba, a cire shi daga gudun gasa da ɗaukar kaya da horon tsallen kwaɗo, a kuma sa ido kan masu tsokanarsa da zanƙalele ko mai ido huɗu. Wanda ganinsa ya yi rauni sosai yana da haƙƙi a ƙarƙashin dokar Najeriya ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019.

Ga ƙarin sani, gidauniyar Marfan Foundation ta Amurka, wadda aka kafa a 1981, da Marfan Trust ta Birtaniya suna da bayanai kyauta a intanet, da Turanci, har da waɗanda aka rubuta don likitoci da malaman makaranta. Ka buga su ka kai wa naka. Akwai zaurukan masu ciwon a Facebook, inda za ka ga mutanen da aka yi wa aiki shekaru da dama suna harkokinsu. Ka ɗauki ƙwarin gwiwa a can, amma kada ka canja magani don wani ya ce nasa daban ne. Idan kuma ka tambayi nas ɗin asibitin zuciya ko akwai wani iyali mai irin ciwon da zai yarda a haɗa ku, gida biyu ko uku sun isa a buɗe zauren WhatsApp, a riƙa tuna wa juna ranar eko, da inda ake samun magani mai kyau.